Ƙarfen da Na Rataya a Ƙusa

Ran Laraba Gyang ya shigo gareji da kwali a hammata,
ruwa ya ɗauke, jar ƙasa tana tururi.
Ya ce, "Malam Barau, ga shokozoba huɗu,
a Dilimi na samo, rabin kuɗi,
mai shagon har da rantsuwa."

Na zaro ɗaya. Rawayan fenti sai sheƙi,
sunan kamfani a jiki, harafi guda a karkace.
Na ɗora shi a tafin hannu.
Shekara ashirin da shida ina ɗaga ƙarfe,
hannuna ya san nauyin na ƙwarai,
wannan bai kai ba.
Na kafa shi a ƙasa, na danna da ƙirji,
ya nutse kamar ludayi a koko,
ya dawo fit, babu jan aji.
Na gaske a hankali yake tasowa,
kamar dattijo zai miƙe daga buzu.
Waldar gindinsa kuwa, kashin awaki.

An ce araha ba ta ado.
Wannan ta yi ado, shi ne mugun abin.

Na sani.
Abin da ke ci na ke nan har yau, na sani.
Amma dankali na jira a gona can bayan Bokkos,
kuɗin makarantar Chundung ya zo wa Gyang wuya,
ni ma mai rumfa ya leƙo sau biyu.
Sai na ɗaga motar a jak,
na shige ƙarƙashinta kamar ɓarawo,
na ɗaure kowane noti tamau,
sai ka ce ƙarfin ɗauri zai ba ƙarfe asali.

Hanyar gona ba ta karanta kwali.
Dutse ne, rami, laka, sai wani dutsen,
kowanne da tambayarsa,
kuma ƙarƙashin mota yake yi wa.

Dare goma sha takwas a Gangare
ruwa na dukan kwanon ɗakina, ina lissafi:
yanzu ya haye rafi, yanzu yana hawa,
buhu ashirin a baya, yanzu gangara.
Uwargida ta ce, "Me ya hana ka barci?"
Na ce sauro. A sanyin Jos.

Rana ta sha tara waya ta yi ƙara.
Kunnen na baya ya tsinke a gangara,
mota ta yi tsallen rago, gindi ya wuce kai,
ta kwanta da haƙarƙari a gonar acca.
Dung, yaron mota, ƙashin kafaɗa.
Dankali ya bi tudu yana mirgina,
yara na tsinta a riga.
Ba a rasa rai ba.
Na yi ta maimaita wannan kamar ni na tsare.

Gyang bai ɗaga murya ba da ya zo.
Ya ajiye guntun a kan benci,
mai na zuba daga cikinsa, tsararo kamar ruwan shayi.
Ya ce, "Ka gani tun ranar?"
Na dubi sifana mai lamba sha bakwai
kamar ita aka tambaya.

Ga shi can a ƙusa, kusa da kalanda,
tsatsa ta cinye rawayan.
Duk wanda ya zo da kwali mai sheƙi
nakan miƙa masa biyu, wancan da na gaske,
in ce auna, danna, saurara,
in ce tsohon ɗan Beljiyam mai rai ya fi wannan ango.
Wasu su koma kasuwa.
Wasu su yi tsaki, su shiga garejin gaba,
ina nan zaune ina jin ƙarar sifana,
ana ɗaurewa tamau.